Kurakuran Tsaron Baya a Ƙwallon Tuta da Na Gaji da Gani

Tun da aka sa ƙwallon tuta, wato ƙwallon Amurka da ake zare tutar da ke ƙugun ɗan wasa maimakon a kayar da shi, cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjalas, sannan Najeriya ta ɗauko kofin Afirka na maza da na mata a Alkahira a 2025, kowa ya samu yara goma da fili sai ya zama koci. Madalla. Amma tsaron bayan da nake gani yana sa ni ciwon kai.

Babban kuskure shi ne ɗora wasa gaba ɗaya a kan bin mutum, wato kowa ya riƙe nasa. Ku yi lissafi mana. Mutum 5 ne a kowane ɓangare. Masu ƙwallo a hannu suna da mai jifa da masu cafka 4, har da santa mai miƙo ƙwallo. Kai ka tura ɗaya ya kai wa mai jifa farmaki, saura 4 a kan 4. To wa ya rage a baya? Babu kowa. Da mutum ɗaya ya zame, maki 6 sun tafi.

Ni wannan ta ci ni a wani wasan kusa da na ƙarshe. Muna gaba da maki 5, saura ƙasa da minti ɗaya, na ce kowa ya bi nasa don ina taƙama da gudun yarana. Masu cafka biyu suka gitta juna a tsakiya, nawa biyun suka yi karo goshi da goshi, ɗaya har ya zauna daɓas. Ina tsaye a bakin layi da kwalbar ruwa a hannu, ina kallon yaronsu yana shiga gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, ko waiwaye bai yi ba. Laifina ne, ba na yaran ba.

Tun ranar na koma tsaron yanki, wato kowa ya tsare wajensa: biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya na farmaki. Bin mutum sai an matso yadi 5 na ƙarshe kafin gida, inda doka ta hana gudu da ƙwallo, dole a jefa, kuma babu sauran fili a bayanku. Wasu kociyoyin ba su yarda da ni ba. Su suka sani.

Na biyu, mantawa da santa. Haba jama'a! Don ya sunkuya ya miƙa ƙwallo sai ku ɗauka aikinsa ya ƙare? Shi ne ke silalewa ya tsaya a ramin da ke tsakiyar mutum huɗun nan, kowa na cewa ai na wane ne. Ni tun kafin a fara nake ɗora wa ɗaya daga cikin na gaba alhakinsa, kuma sai ya nuna shi da yatsa, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

Sauran ƙanana ne. Mai farmaki ya tsaya yadi 7 cif daga layin ƙwallo, kada ya motsa sai santa ya miƙa ta, kuma ya daina tsalle idan mai jifa ya yi kamar zai jefa. Daƙiƙa 7 kawai mai jifa ke da su ya jefa, takura shi ta isa. Na baya, kada kowa ya wuce ka don kwaɗayin ƙwace ƙwallo. Wajen zare tuta, ƙugu za ka duba, ba kafaɗa ba, kuma hannunka ya bar rigar mutum.