Gudun dogon zango a jami'o'in Amurka: me ya sa koci ke damuwa da mutum na biyar

Wanda ya samu tallafin karatu saboda gudu yakan iso Amurka da lissafi ɗaya a ka, wato minti nawa yake yi a mita 5,000. Koci kuwa, daga Agusta zuwa Nuwamba, wani lissafin yake yi daban.

Lokacin tseren ratsa daji ke nan na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Maza na gudun kilomita 8, a gasar yanki da ta ƙasa ta rukuni na ɗaya, wato babban rukunin NCAA, ya koma 10, mata kuma 6. A manyan gasa kowace makaranta takan sa mutum bakwai, a ƙirga biyar na farko. Matsayin da ka zo shi ne makinka, a haɗa na mutum biyar ɗin, makaranta mai ƙarancin maki ta yi nasara. Ƙungiyar da ta zo 1, 2, 3, 40, 60 tana da 106. Wadda ta zo 10, 14, 18, 22, 26 tana da 90, ita ta ci, ko da ba wanda ya san sunan gwaninta. Na shida da na bakwai ma ba 'yan rakiya ba ne: duk ɗaya daga cikin biyar na farko na wata makaranta da suka sha gabansa, sun ƙara masa maki ɗaya.

Shi ya sa koci zai ce ka tafi kafaɗa da kafaɗa da abokanka har tsakiyar tsere, sannan ka saki ƙafa. Ba raina ka ya yi ba.

Inda sababbin zuwa suka fi ɓata lamari shi ne atisaye. Mutum na son nuna kansa, sai ya mai da ranar gudu mai sauƙi gasa. Abokai su bi shi, ranar atisaye mai tsanani kowa ƙafa ta yi nauyi, ƙarshenta ƙashin ƙwauri ya tsage a zauna makonni shida ko fiye. Ka riƙe saurin da aka yanka maka. Da mil ake lissafi a nan, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, sai ka gyara agogonka tun ranar farko. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi kuma, kai shi wurin mai kula da lafiyar 'yan wasa, kar ka ɓoye.

Burinka na kanka yana da lokacinsa: gasar cikin ɗaki a hunturu har Maris, ta fili har Yuni, inda agogo ke magana. Ko nan ma ana iya haɗa maka tseren mita 10,000 da na 5,000 a gasa ɗaya don tara wa makaranta maki. Tun farkon shekara ka zauna da koci ku tsayar da tsere ɗaya ko biyu da za ka nemi lokacinka mafi kyau.

Kar kuma ka ajiye wani darasi kafin ka tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙetare. Ɗalibin digiri na farko da ya sauka ƙasa da kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) a zangon karatu yakan rasa damar shiga gasa, bizarsa ta ɗalibi, F-1, ma ta shiga matsala.