Yadda Nake Haɗa Hedfon da Amfilifayar Lasifika Ba Tare da Na Ƙona Komai Ba

Hedfon mai kyau na farko da na mallaka, da hannuna na kashe shi. Na yanke wayarsa, na ɗaura ta kai tsaye a bayan amfilifaya, wurin da ake ɗaura lasifika. Sauti ya fito tas, har ina gyaɗa kai. Sai hannuna ya goge abin murɗa murya, kunnen hagu na hedfon ya yi wata irin ƙara ya ɗauke, ƙaurin ƙonewa ya biyo baya. Ni kuma kunnena ya kwana yana kuwwa. Wannan kuwwar ta fi asarar hedfon tayar min da hankali, domin hedfon ana sayen wani.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Amfilifaya mai wat 50 a kan lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wuta) tana iya fitar da wutar da ta kai bolt 20. Idan bolt 20 ɗin nan ya faɗa wa hedfon mai om 32, wat 12 da rabi ke nan a kan siririyar wayar da ba ta kai gashin kai kauri ba. Alhali yawancin hedfon da miliwat ɗaya tak, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, suke ba da sautin da ya kai desibel 95 zuwa 100. Akwai 'yan kaɗan masu cin wuta, irin su AKG K1000 da HiFiMan HE-6, waɗanda aka saba haɗa su da amfilifayar lasifika. In ba irinsu gare ka ba, sai ka sa abin da zai rage wutar a tsakani.

Amma kafin maganar rage wuta, ɗauko mita, wato na'urar hannu da ake auna bolt da om da ita. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake cinye amfilifaya. Filogin hedfon na yau da kullum gida uku gare shi: tsinin na kunnen hagu, zoben tsakiya na dama, gindin kuma na giraun ne, wanda kunnuwan biyu suke tarayya a kai. Ka ga ashe duk wanda ya yi amfani da wannan filogi ya haɗe baƙaƙen tashoshin amfilifaya biyu wuri guda (kowane ɓangare, hagu da dama, yana da jar tasha da baƙa inda ake ɗaura wayar lasifika), ko ya sani ko bai sani ba. A wasu amfilifayoyin ba komai, domin da ma a haɗe suke a ciki. A wasu kuwa, musamman waɗanda ake kira Class D da masu tsarin gada, baƙar tashar ma wuta take turowa kamar jar. Ka haɗa su, ka haɗa wuta da wuta. In ka yi sa'a amfilifayar ta kashe kanta ko fis ya yanke, in ba ka yi ba tiransistocinta su tafi.

Gwajin ba wuya. Kashe amfilifayar, zare ta daga soket, cire wayoyin lasifika, juya mita zuwa awon om, ka ɗora bakinta ɗaya a baƙar tashar hagu, ɗayan a ta dama. Idan ta nuna kusan sifiri, giraun ɗaya ne, filogi mai gida uku zai yi. Idan ta nuna wani abu dabam, kada ka kuskura ka haɗa su. Sai dai hedfon da kowane kunne yake da wayoyinsa biyu, a sa masa filogin XLR mai ƙafa huɗu. In hedfon ɗinka ba ya rabuwa haka, ka haƙura da wannan amfilifayar.

Tun da mitar na hannunka, mayar da wuta, kunna amfilifayar ba kiɗa, murya a ƙasa, ka auna wutar DC tsakanin ja da baƙi a kowane ɓangare. Ni in ta wuce milibolt 50 ba na sa hedfon sai an duba ta.

Yanzu abin rage wutar. Resista biyu ne a kowane kunne, wato 'yan kayan nan da suke tare wuta su rage ta. Daga jar tasha ka ja waya zuwa resista mai om 100. Daga ɗaya ƙafar tasa ka sa ƙaramin resista mai om 10 ya koma baƙar tasha. Hedfon kuma a kan ƙafafun ƙaramin nan biyu zai ɗauki sautinsa. Da wannan, kashi ɗaya cikin 11 na wutar ne kawai yake isa gare shi: bolt 20 ya koma ƙasa da bolt 2. Ko yaro ya murɗe muryar har ƙarshe, kunne zai ji jiki, amma da wuya hedfon ya ƙone. Babban resistan ya zama mai wat 5, domin shi ne yake shan zafin. Ƙaramin, mai wat 1 ya isa.

Om 10 ɗin nan ya dace da hedfon mai om 80 zuwa sama. Ga mai om 32 ina sauya shi da om 3.3. Dalili kuwa, ana so abin da hedfon yake gani ta bayansa kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na nasa om ɗin, in ba haka ba bes ya kumbura, ganga ta riƙa fita a dagule. Wannan ne aibin tsofaffin amfilifayoyi da yawa, waɗanda ramin hedfon ɗinsu resista ɗaya ne kawai a jere, mai om ɗaruruwa. Yana kare hedfon, amma yana canja masa murya. Wata ribar kuma ta wannan haɗi na resista biyu ita ce, shuuu ɗin nan da ake ji idan kiɗa ya tsaya tana raguwa sosai.

Idan amfilifayarka mai kwalabe ce, wato mai aiki da kwalaben gilashi a madadin tiransisto, wadda take da tiransifoma a mafitar sauti, akwai ƙari. Irin wannan ba a kunna ta babu kaya a kanta, domin wuta na iya yin tsalle a cikin tiransifomar ta lalata ta. Ɗaura resista mai om 8 tsakanin ja da baƙi a kowane ɓangare, ya tsaya a madadin lasifika, kuma wat ɗinsa ya kai na amfilifayar ko ya fi. Zai yi zafi ƙwarai, saboda haka a ɗaure shi a jikin ƙarfe inda iska take ratsawa. Duk haɗin a like shi da dalma a cikin akwati, kada a bar waya tsirara tana lilo.

Ranar gwaji na farko ina fara sa wani tsohon hedfon mai araha. Murya a ƙasa, in kunna amfilifaya, in jira daƙiƙa goma ƙarar kunnawa ta wuce, sannan in soka filogi. Hedfon yana rataye a wuyana nake ƙara murya a hankali, sai na ji komai daidai nake sa shi a kunne. Wajen kashewa kuma, filogi nake fara zarewa.

Resista ba ya kare kunne daga doguwar saurare. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. Ni na manna ɗan farin tef a jikin abin murɗa muryar, daidai inda nake iya jin mai yi min magana a gefena, kuma a nan nake tsayawa.