Yadda Ake Bin Sawun Jirgin Baƙin Haure a Takardun Ingila kan Falasɗinu

Mai son ya fahimci kai-komon da Ingila ta yi da ƙasashen Turai don hana Yahudawa shiga Falasɗinu, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta, ta ɓarauniyar hanya, daga 1939 zuwa 1948, ya zaɓi jirgin ruwa ɗaya ya bi shi tun daga tashar da ya taso.

Da farko ka riƙe ƙa'idar da ake aiki da ita. Takardar manufa da Ingila ta fitar a 1939 ta ƙayyade shigar Yahudawa 75,000 cikin shekara biyar, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma izinin mutum 1,500 a wata. Wanda ya shigo ba cikin wannan lissafi ba, baƙon haure ne a wurin Landan.

Takardun suna ma'adanar tarihin Ingila da ke Kew a Landan. Wayoyin jakadu suna rukunin FO 371, wasiƙun babban kwamishinan Ingila a Falasɗinu daga Ƙudus suna CO 733, rahoton sojan ruwa kuma yana ADM. Jera su duka bisa kwanan wata, ka rubuta ranar aikawa da ranar karɓa, domin sau da yawa kafin amsa ta iso jirgin ya riga ya yi nisa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. Jirgin da duniya ta sani da Exodus 1947, a takardun farko President Warfield ne, da tutar Honduras. Nemi tsohon sunan, in ba haka ba rabin labarin zai ɓace maka. Ya tashi daga Sète a Faransa cikin Yulin 1947 da mutum kusan 4,500, riƙe da bizar Kolombiya ta jabu. A nan za ka tsaya ka karanta a tsanake: me Ingila ta roƙa? Yawanci a hana jirgi mai, a soke rajistarsa, a binciki biza. Me aka amsa mata, me kuma aka aikata a bakin tasha? Bayan sojan ruwan Ingila sun tare jirgin an mayar da mutanen tashar Port-de-Bouc a Faransa, Faransa ta ƙi sauke su da ƙarfi, sai aka kai su Hambug a Jamus a Satumba.

Ka tuna alƙalamin hukuma ne ya rubuta waɗannan fayiloli. Muryar Larabawan Falasɗinu da ta waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi kaɗan ce a ciki. Amsoshin Faransa kuwa, ka gwada su da nata takardun da ke ma'adanar La Courneuve kusa da Paris.