Idan hazo ya hana jirgi tashi

Jama'a, masu zuwa Kaduna ziyarar abokai a Disamba da Janairu, ku sa hazo cikin lissafi. Ƙura kan rufe sama har a soke tashin jirgi, saboda haka ku bar rarar kwana ɗaya kafin ranar komawa aiki. In an soke, don Allah kada haushi ya sa ku faɗa motar Abuja da daddare. Ku koma wurin mai masaukinku, wani jinkirin alheri ne daga Allah: ga hira, ga shayi mai zafi, ga ladan zumunci. Washegari sai ku bi jirgin ƙasa daga tashar Rigasa da ke Kaduna zuwa tashar Idu da ke Abuja, amma ku sayi tikiti ta intanet da wuri, yana saurin ƙarewa. Masu asma kuwa, kar a manta takunkumi.