Bazarar Kaduna da ƙaramin jirgin ƙasa na tebur: kurakuran da aka ƙi dainawa

Duk shekara da Maris ta kama, kukan ɗaya ne: layi ya gantsare, kan jirgi na sauka a kwana, wani kuma injinsa na warin ƙuna. Masu wannan sha'awar ba mu da yawa a Kaduna, kayan kuma daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, shi ya sa ɓarnar wata biyu na zafi take da ciwo. Takardun bayanin da ke zuwa cikin kwali don Ingila da Jamus da Amurka aka rubuta su, inda lokacin zafi lokacin fita lambu ne, a rufe ɗakin jirgi sai sanyi ya dawo. Mu nan zafin ne ke koro mutum daga ɗakin, kuma kafin ya koma, zafin ya gama aikinsa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi ba a bazara ake yin sa ba, a damina ake yin sa, bazara ce kawai ke tona asirinsa. Agusta wata ne mai daɗin aiki: ɗaki da sanyi-sanyi, ruwa ya hana fita, sai mutum ya zauna ya shimfiɗa layinsa kaf, ya matse ƙarafan baki da baki, ya bi kowace mahaɗa ya like da dalma, yana jin daɗin babu ko tsaga. To, malam, ka ɗana wa kanka tarko. Ƙarfen layin, gamin jan ƙarfe da nikel da zinki ne, kowace mita ɗaya tana ƙara tsawon kusan milimita 0.017 a duk digiri ɗaya na zafi. Ɗakin da ke digiri 24 a Agusta zai iya haura 40 da azahar a Maris in rufin kwano ne. Lissafa ka gani: kusan milimita 0.3 ke nan a kowace mita, in kuwa zagayen mita shida ne ka like shi ya zama ƙarfe guda, wajen milimita biyu ne ke neman inda za su shiga.

Wannan ma rabin matsalar ce. Katakon da ka kafa layin a kai ya sha laimar damina ya kumbura. Hunturu na zuwa ya tsotse shi, Fabrairu da Maris su ƙarasa busar da shi ya tsuke. Ƙarfe na miƙewa, katako na tsukewa, a lokaci guda. Ina ƙarfen zai je? Gefe zai yi, ko sama, kuma yawanci a kwana ko a bakin wurin canjin hanya, wato kayan da ya fi tsada a duk teburin. A sikelin HO, wanda yake kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, faɗin layi milimita 16.5 ne kacal. Karkacewar milimita ɗaya ta isa ta kayar da tarago. Masu sikelin N mai faɗin milimita 9, ku naku ya fi muni. Abin haushin, garin nan garin jirgi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohon layin Legas zuwa Kano, mai faɗin milimita 1,067, ya ga ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ita ce ke ba da ƙarar nan da muka tashi muna ji. Ba mantuwa aka yi aka bar ta ba.

Ni dai ga yadda nake yi. Filawud mai kaurin milimita 12, ba katako ɗanye ba, kuma sai ya kwana sati biyu zuwa uku a cikin ɗakin da za a yi aikin kafin zarto ya taɓa shi. A shafe shi da fenti ko banish sama da ƙasa har da gefuna, domin ta gefe laima ta fi shiga. In a damina ko sanyi ake shimfiɗawa, a bar ratar rabin milimita a kowace mahaɗa. Takardar fotokwafi biyar a haɗe ita ce ma'aunin. In da azahar ɗin Maris ne, takarda ɗaya ta isa. Dalma a kwana kawai, kuma kada a haɗe fiye da sanda biyu, wato kusan mita 1.8. Wuta kuwa, kowace sandar layi a ba ta 'yar wayarta daga babbar wayar da ke ƙarƙashin tebur, kada a dogara da 'yar maƙalar da ke haɗa ƙarafa. Ƙusoshi a buga su sama-sama yadda layi zai ɗan numfasa. Wanda nasa ya riga ya gantsare, kada ya danne shi da yatsa ya ƙara ƙusa, gobe wani wuri zai tashi. Ya jira tsakar rana, ya nemi miƙaƙƙen wuri kusa da gantsarewar, ya yanke ƙarfen da siririn zarto ya cire kamar milimita ɗaya, zai ga layin ya kwanta da kansa. Sai ya sa maƙala da sabuwar waya.

Na biyu shi ne mai, kuma a nan kam sai an yi faɗa. Kan jirgi ya ɗan yi ƙara cikin zafi, sai mutum ya rarumo WD-40 ko baƙin man babur ko man keken ɗinkin uwargida ya tuttula. Haba! Giyar da ke ciki, wato haƙoran da ke juya ƙafafun, ta roba ce, irin waɗannan mayukan na iya cinye ta ko su sa ta tsage. Zafi kuma na tsinka mai, ya gangara kan ƙafafu da burushin injin, ƙurar da fanka ke kaɗawa ta manne, a samu baƙar danƙo a kan layi. Daga nan jirgi ya fara tsayawa yana tashi, mai shi ya ƙara wuta, injin ya ƙara zafi, har a ji warin nan. Man da aka rubuta bai cin roba ake sawa, irin Labelle 108 ga aksil, wato sandar da ke riƙe ƙafafu, da 106 ga giya, ɗigo ɗaya a bakin allura. In kana iya hango man daga inda kake zaune, ya yi yawa. Layin da ya yi danƙo kuma a goge shi da sifirit na kemis a tsumman da ba ya zubar da zare. Masu kai masa samfefa, kuna yi masa kurji ne wanda datti zai fi zama a ciki.

Wuta. Duba jikin taransifoma kafin ka jona: in 120 kaɗai aka rubuta, na Amurka ne, wutarmu 230 ce, hayaƙi zai yi. A bazara wuta takan zo ba ƙarfi ta kuma dawo da fushi, don haka a bi ta sitabilaiza, in an ɗauke a zare soket nan take. Ƙaramin janareto ban yarda da shi ba sam, inbata ta fi. Masu DCC, wato tsarin tuƙa jirgi ta saƙon dijital da ke bi ta layi, su tuna layinsu na ɗauke da wuta ko jirgi na tsaye, a kashe in za a fita. Kada kuma a naɗe dikoda, 'yar na'urar cikin kan jirgi mai karɓar saƙon, da salatif, zafinta ba shi da mafita. Gudun minti ashirin, hutun minti goma, haka nake yi har ruwan farko ya sauka.

Sauran ƙanana ne. Kada a bar kwalin jirgi cikin mota a rana, cikinta na iya kai digiri 60, daidai inda robar PLA ta kayan da aka buga da injin 3D ke fara lanƙwashewa. Tebur kada ya kalli tagar yamma. Fenti da sassafe, domin na feshi yakan bushe a iska da rana ya sauka kamar yashi. Wanda zai yi tsakuwar layi da yashin kogin Kaduna ya tankaɗe, ya shanya, ya bi shi da maganaɗisu, in ba haka ba maganaɗisun injin ne zai tsince ɓurɓushin ƙarfen. Don manne tsakuwar, gam ɗin katako fari rabi, ruwa rabi, da ɗigon sabulun ruwa, a ɗiga da sirinji.

Sai batun lokaci. Daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu ba wanda ke iya zama ɗakin da rana, balle in azumi ya faɗo ciki, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ja ƙofa a tafi wata biyu, kan jirgi na zaune a kan layi. Girisi ya daskare, zoben robar ƙafa ya bushe ya tsinke, zanzaro ya yi gini a cikin ramin dutse, gizo-gizo ya saƙa a gada. Aikin ake juyawa, ba barinsa ake yi ba. Bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, fenti da gam. Bayan isha'i, aikin da za a iya ɗauka a faranti a fito tsakar gida: haɗa gidaje, yin bishiyoyi, gyaran maƙalar tarago. Sau ɗaya a mako a kunna kowane kan jirgi minti goma, biyar gaba biyar baya, ana kallon mahaɗu ko rata ta rufe. An gama, a mayar da su kwalinsu a ajiye ƙasa-ƙasa, ba saman wadirob kusa da silin ba, a lulluɓe teburin da tsohon zanen gado. Leda kam a'a, da ruwan Mayu ya fara za ta riƙe laima a kan layin.