Kafin ka nemi ɗaki a Nima, nemi zawiya

Hanyar zuwa Akara, babban birnin Gana, ba ta da wuya. Daga Legas ka bi Kwatano da Lome, ka tsallaka iyakar Aflawo, da takardun ECOWAS ana ba ka kwana 90. Abinci ma ba abin damuwa ba ne, a unguwannin Nima da Mamobi da Madina za ka ci tuwo da Hausa, ka yi ciniki da Hausa.

Wurin haya ne ake kuka. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma je ka karanta masa dokar ka ga. Shekara biyu zai ce, in ya ji tausayinka ɗaya. Kafin ka kai gare shi ma dillali ya karɓi kuɗin nuna ɗaki, ga la'adarsa tana jira. Yawancin gidajen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, kuma na gado ne, magada sun fi a ƙirga, kowa na iya ce maka shi ne mai gida. Wani yaro ɗan Damagaram ya ƙirga kuɗin shekara biyu ya miƙa wa wani mai babbar riga, aka yago takarda daga littafin 'yan makaranta aka rubuta masa rasit. Ranar tarewa ya iske wata mata tana daka sakwara a ƙofar ɗakin, ita ma ta biya, wurin yayan mutumin. Sai a lokacin ya tuna da masallacinmu na Tijjaniyya. Bayan wazifa muƙaddami ya ce, "Ɗana, da wa ka yi shawara kafin ka biya?" Shiru. Dattawa biyu suka bi sawu har aka karɓo wani abu, sauran ya bi ruwa.

Abin da ke ba ni haushi, tsarin baƙo ya nemi mai tsaya masa ya girmi kakanninmu. Fataken goro da ke zuwa Salaga, a arewacin Gana, daga Kano ba su sauka a kan titi, mai masauki ne ke ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki, ya ɗauki lamuninsu. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, mutane suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akara, malamai da 'yan'uwan ɗariƙa suka riƙe su. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a Akara. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya sha zuwa ƙasar nan, kuma Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Batijjane ne. A 1969 gwamnatin Firaminista Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka sayar da shaguna da arha. Tsofaffin zango ba su manta ba, shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce takardunka.

In ba ka ɗariƙa, ba wanda zai tilasta maka. Je masallacin Ahlussunna, ko ƙungiyar 'yan garinku, ka gaida Sarkin Zango. Amma a san fuskarka tun kana lafiya: in kana ɗariƙa ka zo zikirin Juma'a, ka zuba kuɗin asusu, ka bi jana'izar wanda ba ka sani ba. Ranar biyan haya kuma ka tafi da dattijo ɗaya wanda ya san magadan gidan, ya sa hannu a matsayin shaida.