Shawara ga masu kai taimako sansanin ƴan gudun hijira

Salam ƴan uwa, don Allah masu kai abinci sansani a Maiduguri ku riƙa haɗawa da sabulu da bokiti mai murfi, ba shinkafa kaɗai ba. Bayan ambaliyar dam ɗin Alau a 2024 kwalara ta ɓulla, kuma inda mutane suka cunkushe suna shan randa ɗaya da moɗa ɗaya, wallahi nan da nan take yaɗuwa. A tafasa ruwan sha, wanda ya fara amai da gudawa a ware masa wuri da bayin kansa, a haɗa masa ruwan gishiri da suga, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana hanyar asibiti, kar a ce sai gari ya waye musamman in yaro ne.